Dutsen da Iya Ta Ɓoye a Toka

In aka tambaye ni inda na fara sanin so, ba na cewa a littattafan nan na kasuwa ne, ko da yake na karanta su har idona ya gaji, na kuma jiƙa shafukansu da hawaye fiye da yadda ya kamaci mace mai hankali. A bakin wutar kara na fara saninsa, a Madarumfa, a gidan kakannina na wajen uwa, cikin shekarun da ake loda gyaɗa a kamiyo, babbar motar kaya, ana kai ta Kano. Yaye aka kai ni wurinsu, kakata ta ce ba ta mayarwa, aka bar mata ni. Sunanta Tsahara, mu kuwa Iya muke ce mata. Mijinta Baba Nomau masunci ne, dogo, mai shiru-shiru, kullum jikinsa yana ƙanshin ruwa da hayaƙin banda.

Gidanmu yana gefen gari ta wajen tabki. In dari ya shiga, an gama kai amfani rumbu, da mun suɗe tuwo bayan magariba sai Iya ta tara kara a tsakar gida ta hura wuta, ta jawo lefen audugarta da mazari. Ba a kiran kowa. 'Ya'yan maƙwabta da kansu suke shigowa ɗaya-ɗaya, kowa da guntun zanensa ɗaure a wuya, mu matsu mu kewaye ta, gaba yana gasuwa baya yana daskarewa. Can bakin ruwa kuwa tsuntsaye suna ta gardama a kan wurin kwana.

Iya tana da nata buɗin tatsuniya, wanda ban taɓa jin sa a bakin kowa ba. Takan murza mazari a cinya, ta dubi wuta, ta ce, "Ga wata nan ta taso daga bakin tabki." Mu kuma mu amsa baki ɗaya, "Ta iso, mun shimfiɗa mata tabarma." In ba ta ji amsar nan ba, ko kwana za mu yi ba ta ƙara kalma ɗaya. Takan ce, "Tatsuniya baƙuwa ce. Kun taɓa ganin baƙon kirki ya yi sallama, an yi shiru, shi kutsa kai? Wannan aikin ɓarawo ne."

Baba Nomau ba ya zama cikinmu, don ba girman namiji ba ne a gan shi a da'irar tatsuniya. Can gindin rumbu yake zama, ya ba mu rabin bayansa, yana ɗinke komarsa da yatsu ko babu haske. Amma in muka amsa, a ƙarƙashin tsiwar muryoyinmu akwai wata murya mai kauri, can ƙasa, kamar ganga a nesa. Na daɗe ban gane ta Baba ce ba. Sai wata rana mun je itace ni da Iya ta gaya mini. Ita 'yar garin Gabi ce. Tana budurwa, tana yi wa ƙannenta tatsuniya, sai ta riƙa jin wata murya daga bayan darni tana taya su amshi. Ashe wani saurayi ne mai kawo bandar kifi a jaki, yana kwana gidan maƙwabtansu ran jajibirin kasuwa. Ta ce, "Sai da dari ya kusa hita sannan na ga huskarsa. Ni murya na aura, ɗiyata. Huska gyara aka yi mini." Har ta tsufa ba ta kama sunansa, Mai Jirgi take ce masa, shi kuma ya ce mata 'Yar Gabi.

Cikin tatsuniyoyinta akwai wadda ta fi so, ta Lami da ƙanwarta Laraba. A wata shekara fara ta sauka ta share gonaki, har bawon itace ba ta bari ba. Mazajensu suka ɗaura niyyar tafiya neman abinci ƙasa mai nisa, kowanne ya bar wa matarsa 'yar ƙwarya cike da irin gero, an rufe ta da faifai. Yunwa ta yi yunwa. Laraba ta ce bari ta ɗanɗana ƙwaya ɗaya. Gobe ta ɗebi tafi guda, jibi ta yi kunu, kafin wata ya mutu tana lasar gindin ƙwarya. Lami kuwa ta rataye tata a tsakar ɗaki, tana cin anza da tafasa, in ciki ya murɗa ta ta tsaya ƙarƙashinta tana waƙa. Nan ne Iya take ajiye mazari ta ɗaga hannu sama kamar ƙwaryar tana rataye a kan wutarmu:

"Ƙwarya, ƙwarya, mi kike ɓoyo?"

Mu amsa: "Gobe nike ɓoyo."

"Cikina na kuka, ba ki ji ba?"

"Gobe nike ɓoyo."

Da ruwa ya sauka, Laraba ta fita gona hannu wofi, ta zauna tana kallon ƙasa, ciyawa ta rufe hanyar gidanta, mijinta ya yi ta yawo bai gane ƙofa ba. Lami ta shuka nata. Geron ya yi tsawo, ya wuce kuka, ya wuce shaho, har zangarniyarsa ta taɓa gajimare. Mijinta yana can ya ɓace a wata ƙasa da ba a jin Hausa, ya ɗaga kai ya hango ta, ya ce wannan irin gidana ne. Ya bi ta da ido, yana tafiya yana kallon sama, har ya yi tuntuɓe da turmin matarsa. Sai Iya ta tafa hannu ta rufe da cewa, "Ta naɗe tabarmarta, ta koma ruwa."

Ni a lokacin mijin Lami nake mafarki, ina ganin sa yana ratsa daji saboda zangarniya ɗaya. Iya kuwa ba nan hankalinta yake ba. Ta ga shekarar fara da idonta, ta binne 'ya'ya biyu a cikinta. Takan nuna mu da mazari ta ce, "Waɗanda suka ci iri, ko kushewarsu ba a sani ba. Mai ɓoyo ba shi jin kunya."

Ina da kamar shekara tara wani zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita a damina. Ta tashi, amma kunnenta bai tashi tare da ita ba. Da fari sai an maimaita mata magana, daga baya sai an ɗaga murya. Aka ɗiga man shanu mai ɗumi, aka sha rubutu, aka kai ta Maraɗi wurin lokotoro, likitan asibiti, ya leƙa ya girgiza kai. Da rana ba ta cika wahala ba, don ta koyi karanta leɓe, in ka fuskance ta za ta kama zancenka. Duhu ne ya zama abokin gabarta.

Ba na manta maraicen da abin ya bayyana. Ta murza mazari ta ce, "Ga wata nan ta taso daga bakin tabki." Muka amsa. Ta tsaya tana jira. Muka sake amsawa da ƙarfi, har wani yaro Ɗan Ladi ya miƙe tsaye yana ihu kamar mai korar tsuntsaye a gona. Ta yi murmushi ta ce, "Yau rowar tabarma ake yi mini?" Sai ta dube mu. Harshen wuta yana rawa a fuskokinmu, bakuna suna buɗewa suna rufewa. Ta juya wajen rumbu, inda ba ta ganin komai sai inuwa. Murmushin ya sauka daga fuskarta a hankali. Ta naɗe zarenta ta shiga ɗaki.

Washegari na tsaya gabanta na ce ta yi mana da hantsi, tunda da rana tana ganin bakinmu. Ta dafe ƙirji. "Tatsuniya da rana? So kike mu ɓace a daji, a neme mu a rasa?" Na ce to in mun amsa zan taɓa mata gwiwa. Ta ce, "Da baki ake amsa sallama, 'yar nema, ba da yatsa ba."

Baba Nomau ne ya tashi neman dabara. Ya je wurin mahauta ya samo ƙahon wani jan bijimi, ya jiƙa shi a tabki, ya kankare cikinsa da fasasshiyar kwalba har ya yi santsi, ya huda tsininsa, ya kai wa baduku ya naɗe masa baki da jar fata. Da ya miƙa mata ta yi dariya har da hawaye. "Mai Jirgi, wanzanci ka koma? Ƙaho za ka yi mini a kunne?" Amma ta kafa shi, ya sunkuya ya yi magana a ciki, na ga idonta ya buɗe. Daga ranar, kowace safiya kafin ya tafi ruwa, sai ya duba ko ba mai kallo, ya sa baki a ƙahon ya ce, "Kin tashi lahiya, 'Yar Gabi?" Ni kuwa ina leƙe ta hudar zana, zuciyata tana narkewa.

Sai dai ƙaho baki ɗaya yake ɗauka, shi ma sai an matso. In muka amsa gaba ɗaya, ta ce kamar iska take ji a cikin gora. Ga shi ya cinye mata hannu guda, ba kaɗi, ba nuna ƙwarya a sama. Muryar gindin rumbu kuwa ba ta isowa ko kaɗan, kuma Baba ba zai taso a gaban yara ya yi amshi a kunnen matarsa ba.

Bayan kaka ta zagayo sai ga Kawu Issa, ɗanta na fari, wanda yake bin kamiyon gyaɗa zuwa Kano. Ya zo a ƙasa daga garin Ɗan Issa, saboda ya riga ya sayar da kekensa ya sayi abin da ya kawo. Ya kwance wani ƙunshi a kan tabarma: ɗan akwatin ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, da siririyar waya, da wani ƙulli kamar ƙwallon magarya da ake cusawa a kunne. Sai 'yan duwatsu irin na tocila, ƙanana, a takarda. Iya ba ta kallonsa, ba ta kama sunansa, saboda kunyar ɗan fari. Ta dube ni ta ce, "Tambayi wancan yaron, abin nan mi yake ci?"

Kawu ya ɗaga dutse ɗaya. Na fuskance ta na ce, "Dutse yake ci, Iya."

"In dutsen ya ƙare fa?"

"Sai Kano."

"Ƙaho mi yake ci?"

Baba Nomau ya girgiza hannu, wato ba ya cin komai.

Ga ƙaho a damanta, ga akwati a hagunta. Ta daɗe tana kallonsu. Na san tsoron abin da yake ƙarewa take yi, kuma ba ta son ta kunyata hannun da ya kwana yana kankara. Baba ne ya raba gardama. Ya tura mata akwatin, ya tsuguna inda za ta ga bakinsa ya ce, "Ɗauki na yaron. Nawa mutum ɗaya yake ɗauka, ke kuwa taro gare ki." Ya ɗauki ƙahonsa ya soke a rufin ɗaki.

Maraicen nan ko masaka tsinke babu a tsakar gidanmu, har matan aure sun laɓe a bakin zaure. Kawu ya murɗa ɗan abin da ke gefen akwatin, sai akwatin ya yi wani irin fito mai tsini, yara suka watse, Ɗan Ladi ya faɗa cikin kwandon kaji yana cewa aljani ne. Da aka natsu, Iya ta murza mazari, ta yi sallamarta. Muka amsa. Ta rufe ido. Ba ta fara tatsuniyar ba, sai ta juya wajen rumbu ta ce, a gaban kowa, "Mai Jirgi, ashe muryarka ta tsuhwa ban sani ba."

Daga cikin duhu ya ce, "Jiran ki ta yi har ta gaji."

Matan zaure suka yi guɗa. Ni dai ban taɓa karanta shafin da ya kai wannan ba.

Zama da akwatin bai zo da sauƙi ba. Ba ya zaɓen abin da zai kawo mata. Taɓarya in ta sauka a turmi, ta ce kamar aradu a tsakar kanta. Zanenta in ya goge shi, kamar ruwa a kan zana. Tana jin taunar kanta, tana jin kaji fiye da mutane, muryoyinmu kuwa kamar daga cikin rijiya. Mata a bakin rijiya suka daina kallon fuskarta, sai su sunkuya su gaida ƙirjinta inda ta rataye shi cikin 'yar jakar fata kamar laya. Da la'asar kanta ya yi ta sara. Don haka ta bar sa shi da rana, sai an hura wuta. Darin nan mun sha tatsuniya kamar ba gobe. Amma in dutse ya kusa mutuwa, takan ce muna nisa, muna nisa, kamar jirgi yana barin gaɓa, sai a jefar a sa wani. Kafin bazara saura ɗaya a takarda. Kawu kuwa aiki ya ja shi can kudu, ya aiko cewa yana tafe da kaka. Kakar ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, ba shi ba labarinsa.

Iya ta yi wa dutsen nan abin da uwarta ta koya mata a yi wa irin wake. Ta naɗe shi a auduga, ta sa a 'yar tukunya, ta cika da toka mai laushi, ta liƙe bakin da laka, ta ajiye a bayan randa inda ya fi sanyi. Duk garin ba wanda zai ce ta yi kuskure, haka ake tsare iri daga ƙwari.

Baba Nomau ne kaɗai bai yarda ba. Wata safiya na ji shi, ya tsuguna gabanta yana buɗe baki sosai don ta gani. "Hiddo shi ki yi ma yaran nan ko guda."

Ta ce, "In na cinye shi yau, ran da za ka yi mini magana mai nauyi da mi zan ji?"

"Wace magana ce ta hi wadda nike yi yanzu?"

Ta yi murmushi, ta ɗaga hannu sama kamar mai nuna ƙwarya. "Gobe nike ɓoyo."

Ya sauko da ƙaho ya gwada, amma kunnen ya riga ya yi nisa, ƙaho ba ya cim masa. Ya mayar da shi rufi.

'Ya'yan maƙwabta suka yi ta zuwa suna komawa, har suka daina. Wutar dai ba a fasa hurawa ba. Mu uku muke zama, Iya tana kaɗi, Baba yana ɗinki, ni ina kallon gawayi yana mutuwa. Wani lokaci nakan ga leɓenta yana motsi, ta buɗe baki kamar za ta yi sallama, ta dubi ƙofar ɗaki inda randa take, ta haɗiye. Dari biyu muka yi a haka.

Cikin marka Baba ya dawo daga ruwa yana rawar sanyi. Ciwon ya sauka a ƙirji, numfashinsa ya koma kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Wata rana, magariba ta wuce kaɗan, ruwa yana zuba a kan ciyawar rufi, na ji ya ce, "'Yar Gabi." Iya tana zaune a gefensa, fitilar mai tana lilo, ba ta ganin bakinsa cikin gemu. Na girgiza ta na nuna shi. Ta gane goben ta zo.

Ta jawo tukunyar, ta fasa lakar da muciya, ta zuba yatsu cikin toka. Audugar ta fito a jiƙe, ta manne. Dutsen ya kumbura, bakinsa ya yi wani farin gari mai kore-kore kamar kanwa. Ta goge shi da bakin zane, ta hura masa iska, ta ɗumama shi a tafin hannu kamar ɗan tsako, ta sa a akwati, ta cusa ƙullin a kunne, ta murɗa. Ko fiton nan da muke tsoro bai yi ba. Ta murɗa gaba, ta murɗa baya, ta buga shi a cinya. Na hau kan turmi na zaro ƙaho, zanzaro ya yi gini a ciki, na tsokale da tsinke, ta kafa bakinsa a leɓen Baba. Na ga yana magana. Na ga ita tana jira. Ta ajiye ƙahon a hankali.

Ban san abin da ya zo mata a rai ba. Wataƙila ta tuna magana ɗaya ce a duniya da ta san amsarta tun ba a faɗa ba. Ta kama hannunsa, ta gyara zama kamar a bakin wuta, ta ce, "Ga wata nan ta taso daga bakin tabki."

Baba Nomau, wanda bai taɓa amsawa a fili ba tun yana saurayi a bayan darni, ya tattara abin da ya rage masa na numfashi ya ce, "Ta iso. Na shimfiɗa mata tabarma."

Na kama fuskarta na juyo da ita wajen fitila. "Ya amsa, Iya! Wallahi ya amsa! Ci gaba!"

Ta ce, "Ban ji ba." Ta cire hannuna daga fuskarta, ta ƙara sunkuyawa har kunnenta yana taɓa gemunsa, ta sake sallama. Ya sake amsawa, wannan karon kamar ganye ne ya motsa. Shi yana jiran tatsuniya, ita tana jiran amsa, ni ina tsakaninsu ina jin su duka biyu, ba ni da abin da zan iya yi. Da ta yi ta uku, ruwan sama ne kaɗai ya amsa.

Kawu Issa ya iso bayan an yi sadakar bakwai, da duwatsu cike da aljihu. Da ya ga tukunyar da kumburarren dutsen, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ya ce abin nan ko an sa shi ko ba a sa ba mutuwa yake, yana tsiyayewa a zaune kamar tulu mai tsaga, laima kuwa ita ce ajalinsa. Ya ce bai san ana bukatar faɗa ba. Iya ta bi leɓensa har ya gama, karo na farko da na ga ta kalli ɗanta na fari ido da ido. Ya miƙa mata sabon dutse. Ta dube ni ta ce, "Ce ma wancan yaron Allah shi yi albarka. Wanda nike son ji ya tahi."

Washegari da hantsi, rana tana dukan tsakar gida, ta kira ni gindin rumbu inda komarsa take rataye da rabin ɗinki. Ta zaunar da ni gabanta ta yi sallamar tatsuniya. Na tsorata na ce, "Iya, rana ce. Za mu ɓace."

Ta ce, "Ni ina ne ban ɓace ba? Amsa, ina ganin bakinki."

Na amsa. Ta kawo ta Lami da Laraba, ba ta canja komai ba, har waƙar muka yi, muryarta tana hawa tana sauka ba bisa ƙa'ida ba irin ta wanda ba ya jin kansa. Sai da ruwa ya sauka a tatsuniyar, Lami ta sauko da ƙwarya ta ɗaga faifai. Nan Iya ta tsaya. Ta ce, "Ta tarar da gari. Ƙwari sun cinye tun tuni, ita tana ta yi ma ƙwarya waƙa. Mijin yana can har yau yana duban sama." Ba ta naɗe tabarma ba, ba ta mayar da tatsuniyar ruwa ba. Ta tashi ta shiga ɗaki. Ita ce tatsuniyarta ta ƙarshe, ko da yake ta ƙara shekaru a duniya, cikin shiru.

Na daɗe ina jin haushin Lami, ina cewa ita ta cuci kakata. Da na girma na ga fari da idona, na gane ba ƙarya Iya ta koya mana ba, ɓoyon iri ya raya garuruwa. Abin da ba wanda ya gaya mata shi ne, akwai abin da ba iri ba ne. Muryar mutum ba ta jiran damina. Gaisuwar safe, da tari daga gindin rumbu, da "ina kika ajiye mini wuƙa", su ne maganar mai nauyi, kuma dari biyu cur suna zuba a gefenta tana tsaron tukunya.

Yanzu ni ma kunnena ya bi na Iya. Jikokina sun kai ni Maraɗi, aka jera mini iri-iri a kan tebur, wani a bayan kunne, wani a ciki ba a ko ganinsa. Ban tambayi wanda ya fi kyau ba. Na ce a ba ni wanda ake samun dutsensa kusa. Ina sa shi tun asuba, ba na cirewa sai barci, ina jin babura da kukan awaki da taunar kaina, kaina yana sara, ba na ragewa. Suna yi mini dariya wai ina cin dutse kamar gyaɗa. Ba su san wani lokaci, in an yi magariba gida ya yi tsit, nakan murɗa shi har ƙarshe, in fuskanci gabas inda tabki yake, in ce a hankali, "Ga wata nan ta taso." Ina jin komai, har tafiyar ƙadangare a kan kwano. Amsar nan kuwa da na ji sau biyu da kunnena, wadda ba tawa ba ce, tana nan a wurina har yau, ban sami hanyar kai wa mai ita ba.